Zaɓen sabon sifirin don ɗaga bayan a-kori-kura

Wanda ya zo sayen sifirin mai fallayen ƙarfe don ɗaga bayan motarsa yakan fara da tambayar inci nawa zai samu. Mai sayarwa kuma sai ya nuna masa lambar da ke jikin kwali: inci 2, ko milimita 50. Lambar nan gaskiya ce, amma da sharaɗi. Kamfanin da ya ƙera sifirin ɗin ya auna ta ne a kan mota mai wani nauyi takamaimai, kuma idan nauyin taka motar ya sha bamban da wannan, tsayin da za ka samu ma zai sha bamban. Shi ya sa ake ganin motoci biyu iri ɗaya, an ɗaura musu sifirin iri ɗaya, ɗaya bayanta ya yi sama kamar za ta kifa da hanci, ɗayar kuwa da ƙyar a gane an canza mata wani abu.

Abu biyu ne ke yanke tsayin bayan mota: zurfin lanƙwasar sifirin kafin a ɗora masa komai, da taurinsa, wato kilo nawa ake buƙata kafin ya kwanta da milimita ɗaya. A ce kowane sifirin na ɗauke da kilo 400. Tsohon yana da lanƙwasa mai zurfin milimita 150 da taurin kilo 5 a kowace milimita, don haka nauyin zai kwantar da shi da milimita 80, saura 70. Kana son ƙarin milimita 50, wato saura ya zama 120. Hanya biyu ce za ta kai ka. Sifirin mai tauri ɗaya da na dā amma zurfinsa 200 zai ba ka 120. Haka ma mai zurfin 170 da taurin kilo 8, domin shi milimita 50 kawai zai kwanta. A tsaye ba za ka bambance su ba. Ɗora kilo 500 a bodi, a saitin aksul, wato kilo 250 a kan kowane sifirin, sai na farkon ya sauka da milimita 50, ɗagawar da ka biya kuɗinta ta tafi gaba ɗaya, na biyun kuwa ya sauka da kusan 31. Sauke kayan ka hau gargada, nan kuma na farkon ne zai bi ƙasa da laushi, na biyun ya riƙa dukan ƙugun wanda ke zaune a kujerar baya.

Saboda haka aikin daga sikeli yake farawa. A cika tanki, a bar duk abin da ke zama a motar kullum a cikinta: rumfar bodi, akwatin kayan aiki, tankin ruwa, ƙarin batir, safaya taya ta biyu, bamba ta ƙarfe. A hau sikelin manyan motoci da tayoyin baya kaɗai, a rubuta, sannan a sake aunawa da lodi mafi nauyi da ake ɗauka a kai a kai. Daga abin da sikeli ya nuna sai a cire nauyin aksul da tayoyi da birki, domin su a ƙasa suke, sifirin bai ɗauke su ba. Wurin da kaya ke zaune ma yana shiga lissafi. A motar da tazarar tayoyin gaba da na baya ta kai mita 3, kilo 100 da aka rataya mita ɗaya a bayan aksul yana danna aksul ɗin baya da kilo 133, yana kuma rage wa na gaba kilo 33. Mai jan tirela da mai rataya taya a ƙofar bodi su ne wannan lissafi ya fi kamawa.

Kamfanoni irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 4x4 suna jera sifirin ɗinsu ne bisa nauyin da ke zama a mota kullum, kama daga na motar da ke yawo fayau zuwa na mai ɗauke da ɗaruruwan kilo dindindin. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya zaɓi mafi ƙarfi yana cewa gara ya yi yawa da ya gaza. Sifirin da aka ƙera domin ya ɗaga milimita 50 a ƙarƙashin ƙarin kilo 300, idan aka sa shi a motar da ba ta ɗaukar komai, zai iya kaiwa wajen 70. Ga tauri, ga tayoyin baya suna tsalle a kan hanya mai gargada, kuma tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa, ko a kwana ko wajen taka birki. Wanda nauyin motarsa ke hawa da sauka, yau fayau gobe maƙil, sifirin mai hawa biyu ya fi dacewa da shi: fallayen sama masu laushi suna aiki kullum, a ƙasansu kuma akwai falle ɗaya ko biyu masu kauri, kusan a miƙe, waɗanda ba sa shiga aiki sai lodi ya kwantar da na saman a kansu.

Kafin a zargi sifirin na asali da gajarta, a tabbatar ba gajiya ya yi ba. Ana auna tsayi ne daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, a kan daɓe mai daidaito, a dukkan kusurwoyi huɗu. Awo daga ƙasa yana shigo da girman taya da iskar cikinta, don haka ba a dogara da shi. Kamfanonin mota kan bar bayan a-kori-kura ya ɗara gaba kaɗan da gangan, domin idan an yi lodi ta daidaita. Idan bayan taka ya riga ya sauka da milimita 30 saboda tsufa, sabon sifirin mai ɗaga 50 zai tashe ta da 80 daga inda take yau, tunda daga tsayin sabuwar mota ake ƙirga lambar.

Ƙidaya fallaye ba ta nuna ƙarfi, ko da yake da ita aka fi yin ciniki. Taurin falle yana ƙaruwa ne da kaurinsa a ninke sau uku, wato kauri sau kauri sau kauri. Falle mai kaurin milimita 8 ya fi mai 7 tauri da kusan rabi, duk da cewa ido da ƙyar yake ganin bambancin. Fallaye uku masu milimita 8 sun yi kusan daidai da bakwai masu milimita 6 in tsawo da faɗi ɗaya ne. Tsawo kuma akasin haka yake aiki, gwargwadon tsawon sifirin gwargwadon laushinsa. Sirara masu yawa sun fi jure lanƙwasawa mai nisa ba tare da ƙarfen ya gaji ba, shi ya sa masu bin duwatsu da kwazazzabai ke son su, amma suna gugar juna, kuma idan ƙura da tsatsa suka shiga tsakaninsu sai su yi tauri su fara ƙara. A duba ko akwai 'yan faifan roba a ƙarshen kowane falle don rage gugar. Akwai kuma sifirin mai fallaye kaɗan, biyu ko uku, waɗanda suka yi kauri a tsakiya suka sirance zuwa baki, ba sa taɓa juna sai a tsakiya da ƙarshe. Ya fi sauƙin nauyi da daɗin tafiya, sai dai da yake babu gugar da ke kwantar da tsalle, dukkan wannan aiki ya koma kan shakazoba, kuma karyewar falle ɗaya a cikin uku babbar asara ce. Ga motar da ke nisa da gari, yana da kyau a nemi wanda falle na biyu ya naɗe idon gaba, inda ake ɗaure sifirin da shasi, tare da uwar sifirin, wato fallen farko mai idanu. In uwar ta karye a kusa da ido, na biyun zai riƙe aksul kada ya zame baya.

Sai awon da zai sa ya shiga mazauninsa. Faɗin falle ya bambanta daga mota zuwa mota, akwai milimita 60, da inci 2.5, da milimita 70, da inci 3, kuma dole ya yi daidai da mazaunin da ke kan aksul. Tsawo kashi biyu ake auna shi, ana bin lanƙwasar uwar sifirin: daga santabol, ƙusar da ta haɗe fallayen a tsakiya, zuwa tsakiyar idon gaba, sannan daga santabol zuwa tsakiyar idon baya. A motoci da yawa kason gaba ya fi gajarta, kuma wanda ya juya sifirin gaba a baya zai ga taya ta bar tsakiyar madigadi. A auna faɗin ramin ido da kaurin ƙusar da ke ratsa shi, da kaurin kan santabol, domin shi ne ke shiga ramin mazauni ya hana aksul motsi. Zurfin lanƙwasa kuwa, a ja zare daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, a auna daga zaren zuwa saman uwar sifirin a gefen santabol. Sunan mota kaɗai ba ya isa wajen yin oda, domin Hilux ko Ranger ko D-Max na wannan zubi ba lallai ya yi awo ɗaya da na zubin da ya gabace shi ba. Wasu a-kori-kura ma, kamar Ram 1500 tun daga 2009 da Ranger Raptor, sifirin mai murɗe ne a bayansu, wannan bayani bai shafe su ba.

A leƙa ƙarƙashi a ga ko sifirin a saman aksul yake ko a ƙasansa. In a sama yake, kaurin tarin fallayen shi ma ɗagawa ne: tari da ya fi na dā kauri da milimita 15 ya ƙara wa mota milimita 15 ban da abin da lanƙwasa ta bayar. In a ƙasa yake, kauri ba ya ƙara tsayi, kuma bulon ƙarfe da aka cusa tsakaninsa da aksul saukar da mota zai yi.

Shakul, wato 'yar maratayar da ke lilo a idon baya, shi ne wurin da ake gane sifirin da aka ƙera da hankali. Duk lokacin da sifirin ya kwanta, tazarar idanunsa biyu tana ƙaruwa, shakul ne ke lilo ya ba shi wannan fili. Idan aka zurfafa lanƙwasa ba a ƙara wa uwar sifirin tsawo ba, idanun sun matso kusa, sai shakul ya karkato gaba tun mota na tsaye. Sakamakon farko tafiya mai tauri. Na biyu ya fi muni: ranar da taya ta rataya a rami, shakul na iya kifewa ya maƙale a jikin shasi, daga nan sai lanƙwasar uwar sifirin ko karyewarta. Haka kuma aksul kan ɗan matso gaba, taya ta kusanci gaban madigadi. Kamfani mai lura yakan ƙara tsawon uwar don ya rama wannan. Bayan an sauke mota a kan tayoyinta, shakul ya kamata ya kasance yana da filin lilo ta gaba da ta baya.

Akwai hanyoyin da suka fi sabon sifirin araha, kuma kowace da iyakarta. Dogon shakul yana ba da kusan rabin tsawon da aka ƙara masa, ƙarin milimita 50 ya ba da 25, yana kuma juya hancin aksul, inda sandar da ke kawo juyi daga giya take haɗuwa da shi. Bulon ƙarfe, in sifirin a saman aksul yake, yana ɗagawa ba tare da ya taɓa tauri ba, amma yana nesanta aksul daga sifirin, ya ba shi ƙarfin murɗa shi idan an taka totur ko birki. Wannan murɗawa ce ke sa bayan mota karkarwa da tsalle wajen tashi a yashi ko da lodi. Ba a ɗora bulo a kan bulo, ko kaɗan. Ƙara falle ɗaya a cikin tsohon tari yana ɗagawa kaɗan kuma yana ƙara tauri, yana da amfani in tsoffin fallayen na da lafiya, amma in sun gaji, sabon ne zai ɗauki aikin su duka har shi ma ya kwanta. Bugun tsohon sifirin da guduma don a maido da lanƙwasarsa kan yi 'yan watanni ya koma gidan jiya. Gasa shi da wutar walda kuwa kashe shi ne, domin zafi yana warware horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, kuma falle da aka yi wa walda a gefen waldar yake karyewa.

Ɗaga mota da milimita 50 yana jan wasu sassa da ba a saya tare da sifirin ba. Shakazoba ta asali an yanka tsawonta ne daidai da tsayin asali, yanzu kuwa ta riga ta miƙe da milimita 50 tun mota na tsaye, abin da ya rage mata na saukowa kaɗan ne. Alamar ita ce ƙarar bugu idan taya ta faɗa rami. Ana ɗaga shasi har aksul ya rataya, a cire shakazoba, a auna tazarar mazaunanta biyu, wannan shi ne tsawon da ake buƙata a miƙe. Doguwar shakazoba kuma doguwa ce ko a tsuke, don haka a tabbatar aksul zai taɓa robar da ke tare shi a jikin shasi kafin shakazoba ta ƙure. In ba haka ba, a ƙara wa robar tsayi. A wannan rataye ɗin ne kuma ake duba tiyon birki, da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa wajen taka birki, da wayar birkin hannu, da siririn tiyon numfashin aksul. Duk wanda ya miƙe tsam, a sauya shi da dogo ko a sauko da maƙalinsa.

Tsoffin a-kori-kura da yawa suna da wani bawul a jikin shasi mai sanda da ta haɗu da aksul, aikinsa auna lodi: in baya ya sauka ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki, in ya tashi ya rage. Da zarar an ɗaga motar, bawul ɗin zai ɗauka fayau take ko da an yi mata lodi, ya rage birkin baya, aikin tsayawa ya taru a gaba. Gyaran ba wuya, a ɗaga mahaɗin sandar da ke kan aksul da daidai milimitocin da aka ɗaga motar. Ana yawan mantawa da shi domin ba ya ƙara ba ya karkarwa, sai ranar da aka taka birki da gaggawa. Yawancin sababbin motoci kwamfutar ABS ce ke raba ƙarfin birki, ba su da wannan bawul.

Furofela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, ita ce ke fara kai ƙara. Kuros, gaɓar nan mai siffar gicciye da ke kowane ƙarshenta, ba ya juyawa da gudu ɗaya idan yana aiki a karkace, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, kuma na ɗaya ƙarshen ne ke soke wannan in kusurwoyinsu sun yi daidai. Ƙa'idar da ake bi ita ce bambancin kusurwoyin biyu kada ya wuce digiri 1, kuma kowace ta tsaya a wajen digiri 3 ko ƙasa in ana son kuros ya daɗe. Ɗagawa tana ɓata wannan daidaito, sai a ji karkarwa wajen tashi ko a ƙaramin gudu. A furofela mai gaɓa biyu, sau da yawa sauko da boris ɗin tsakiya da 'yan milimitoci yana kashe ta. In bai isa ba, sai a sa weji mai digiri 2 ko 3 tsakanin sifirin da mazauninsa don a juya hancin aksul. Na ƙarfe ake so, wanda santabol ya ratsa, domin na alminiyom kan tsage ya fita, yubol, ƙusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul, su saki. A auna da ma'aunin kusurwa kafin a sayi weji, kada a yi ta canki-canki. A kuma duba inda furofela ke zamewa ciki da waje, a ga bai zaro da yawa ba idan aksul ya rataya.

Wajen ɗaurawa, a tuna birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, don haka da zarar sun bar ƙasa babu abin da ke riƙe motar sai wejin da aka sa wa na gaba. Shasi ya zauna a kan ƙafafun ƙarfe, jak ya tallafi aksul, a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. Idan sifirin biyun suna da alamar hagu da dama, a bi ta, domin wasu kamfanoni kan ƙara wa ɗaya zurfi kaɗan saboda gefen da tanki da direba suke. Yubol sababbi ake sawa kowane lokaci. Tsoho ya riga ya miƙe, haƙoransa sun lalace, zai nuna ya ɗauru alhali bai matse yadda ya kamata ba. A zaɓi tsawon da ya dace da kaurin sabon tari, a ɗaure notocin a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, zuwa adadin da littafin motar ko mai ƙera yubol ɗin ya bayar. Sifirin da ya karye ta ramin santabol kusan kullum sakin yubol ne sanadinsa, domin tsakiyar tari bai kamata ta motsa ba sam.

Ƙusoshin ido da na shakul kuwa a sa su sako-sako, a sauke motar a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure. Bushin roba, wanda ke cikin idon sifirin, ba ya juyawa a kan ƙusa, murɗewa yake yi. Idan aka ɗaure shi aksul na rataye, zai zauna a murɗe kullum, ya ɗan riƙe motar sama da inda ya kamata, ya yage da wuri. Bushin foliyuriten shi juyawa yake yi, don haka giris yake so, kuma ƙusa mai bakin zuba giris ta fi dacewa da shi.

Sabon sifirin kan zauna da 'yan milimitoci a makonnin farko, musamman bayan lodin farko, saboda haka kada a yanke hukunci kan tsayi ranar da aka ɗaura. Fenti da ke tsakanin fallaye ma yana murƙushewa, tarin ya ɗan sirance, yubol su saki. A sake ɗaure su bayan kilomita 100 na farko, a kuma maimaita a wajen kilomita 800. A daidaita fitilun gaba, tunda tashin baya yana sunkuyar da haskensu. Tsakanin tulun aksul da ƙasa kuwa ko milimita ɗaya ba ta ƙaru ba, wannan sai babbar taya. Nauyin da kamfani ya halatta wa motar, wanda ke rubuce a farantin jikin ƙofa ko shasi, yana nan yadda yake: aksul da boris da birki da tayoyi da shasi duk na dā ne, kuma sifirin mai ƙarfi yana ɓoye alamar lodin da ya wuce kima, domin bayan motar ba zai ƙara zama ƙasa ya nuna maka ba. Mota mai tsayi kuma ta fi kwanciya a kwana, musamman in kayan a saman rumfa suke, don haka masu nauyi a ƙasan bodi ake jera su, daga saitin aksul zuwa gaba.